Shatin Yatsana a Jikin Zinarensa

Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya da shi a unguwar Old Airport da ke birnin Doha. Ɗan garinmu ne, dukanmu masu gadi, albashinmu ɗaya. Amma shi duk shekara sai ya sayo tsabar zinare guda, irin wadda gidan buga kuɗin wata ƙasa ke fitarwa, da shekararta a jiki, a rufe cikin ɗan gidan roba. Ni kuwa nawa albashin a turare da sabuwar waya yake ƙarewa. Ranar Juma'a in mun sauko daga masallaci sai ya buɗe gwangwanin alewa, ya jera su a kan katifa yana murmushi. Wallahi ji nake kamar in shaƙe shi.

"Saura ka fara gaishe su da safe," nake ce masa.

"Kalla iya son ranka, ɗan'uwa," in ji shi. "Taɓawa ce ban yarda ba, yatsa na ɓata su."

Da zai tafi hutu gida, ni ya miƙa wa gwangwanin. Wai ba shi da kowa a Doha sama da ni.

Kwana uku na daure. A na huɗu na ce yo ni ba mutum ba ne? Na ɓalle murfin ta bana, na ɗora ta a tafin hannu. Kai, nauyi! Na juya ta, na sake juyawa, ina cewa ina ma tawa ce. Da na zo mayarwa, ga shatin babban yatsana ɓaro-ɓaro. Sai na tuno yadda innata ke wanke 'yan kunnenta da toka. Ina zan ga toka a Doha? Na shafa man goge baki, na dirje da gefen tawul. Innalillahi! Shatin ya tafi, ƙyallin ma ya bi shi, sai zane-zane kamar gindin tukunya.

Ya dawo ya kawo mini kilishi. Da ya buɗe gwangwanin, ya ɗaga tsabar wajen taga ya daɗe yana dubawa. Na shirya rantsuwa, na shirya faɗa. Bai tambaye ni komai ba.

"Nauyinta dai bai ragu ba," ya ce, ya mayar da murfi.

Da hutu ya sake zagayowa, ina zaune ya ɗauki gwangwanin ya wuce ta gabana, ya ƙwanƙwasa ƙofar wani direba ɗan Kumasi da ko wata shida ba su yi da sanin juna ba. Ni makullin ɗaki ya bar mini. Wata guda cur direban nan yana yi mini sallama, ni kuwa da ƙyar nake amsawa.