Kitson da Ya Hau Igiya

Hansai mai kitso ta zo Arlit daga Tahoua tana amarya, lokacin mijinta yana aikin ramin uraniyom a Akokan. Mijin ya rasu, ramin ma an rufe shi, ita tana nan da tsinkenta da tabarmarta. Kawunan amaren unguwar duk sun bi ta tsakanin gwiwoyinta. Sai dai Hansai ba ta yarda da kowa ba. In ka gaishe ta da fara'a, wuni za ta yi tana tunanin abin da kake nema. Kuma ba a banza ba. Duk salon da ta ƙirƙiro, sai Nusaiba mai shagon kitso a bakin kasuwa ta ɗauki hotonsa da waya ta kwaikwaya. Mata suka koma can, zuciyar Hansai ta mutu, ta daina fito da sabon abu.

Ana nan sai wasu 'yan wasa mutanen Gine, waɗanda aka dawo da su daga iyakar Aljeriya, suka kafa wasa a filin bayan tasha. Hansai ta je, amma ba kallo ya kai ta ba. Ta riga ta yanke cewa ɓarayi ne: a ɗauke idon jama'a sama, a yi musu aiki a aljihu. Ta ƙulle bakin zaninta tam, ta tsaya tana duban hannuwan mutane.

Aka ɗaure igiya tsakanin manyan motoci biyu. Wata siririyar budurwa ta hau, ba takalmi. Hansai ta ce asiri ne, ta shiga neman laya a damtsenta, ba ta ga komai ba. Da budurwar ta kai tsakiya, igiyar ta lotsa, budurwar ta karkata har mata suka yi salati, sannan ta miƙe. Hansai ta ji yatsunta suna motsi su kaɗai, kamar akwai gashi a cikinsu.

Kafin ta isa gida kitson ya gama haɗuwa a ranta: layi ɗaya siriri daga kunne zuwa kunne, ya lotsa a tsakiya, sauran gashin ya taru gefe biyu yana riƙe da shi. Murna ta kama ta, tsoro ya biyo baya. Kowane kai a Arlit yana da ƙafafun da za su kai shi shagon Nusaiba.

Washegari sai ga budurwar igiya ta yi sallama, ta ce da gurguwar Hausa sunanta Tata.

"Inna, an ce kai ne mai kitso."

"Wa ya aiko ki?" in ji Hansai. "Mi kike nema?"

"Kitso. Gobe muna tafiya Agadas."

Baƙuwa ce, kuma gobe ba ta nan! Hansai ta turo ƙofa ta saka sakata. Tun da take, ba ta taɓa kitso mai kyan wannan ba, har hawaye suka zo mata. Ta ɗaura wa Tata ɗankwali da hannunta.

"Kar ki buɗe shi sai kin bar garin ga."

Tata ta gyaɗa kai. Hausarta ba ta kai nan ba.

Da la'asar Hansai ta ji ganga a bayan tasha, ashe akwai wasan ban kwana. Ta isa tana haki. Tata ta jefar da ɗankwalin, ta rataye a igiya da ƙafafu, kai ƙasa, tana juyawa a hankali a gaban rabin gari. Wayoyi duk a sama. Nusaiba tana sahun gaba.

Kafin Sallah kitson ya cika Arlit da Akokan, ana ce masa 'yar igiya. Ba wanda ya tambayi hannun da ya fara yin sa. Wata safiya wata amarya ta leƙo gidan.

"Inna Hansai, mata sun yi yawa a wurin Nusaiba. Ko kin iya sabon kitson nan nata?"

Abin ya ci ran Hansai. Sannan ta jawo tabarma.

"Zamna, ɗiyata. Bari in gwada."