Akushin Malam a Bangon Falo

Ban yi boko ba, saboda haka maƙwabciyata ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na gaya mata in ta ji na yi shiru ta dakata, kuka ne, zai wuce. Tun da Malam ya rasu haka nake, kuma ba na ɓoyewa. Mun haura shekara arba'in a gida ɗaya a Unguwar Sarki. Masu ce mini in yi haƙuri sun yi gaskiya, sai dai har yau ba wanda ya nuna mini inda ake sayar da shi.

Malam baduku ne, rumfarsa tana babbar kasuwa, takalma da jakunkunan fata yake ɗinkawa. Bai damu da kayan duniya ba, riga uku sun ishe shi. Abu ɗaya ya riƙe gam, baƙin akushin da ya gada wajen mahaifinsa. Ba ya cin tuwo a komai sai a ciki. Sabulu bai taɓa shiga akushin nan ba, ruwan ɗumi nake sa masa, in ya bushe in shafe shi da man shanu. Wata shekara ya faɗi ya tsage a baki, Malam ya ɗauko basillarsa ya huda, ya ɗinke tsagar da siririyar wayar tagulla. A cikinsa kuma, ta gefen da yake yankar loma, katakon ya lotsa kaɗan, don hannun ubansa da nasa sun daɗe suna bin wurin. Da ido ba a gani, sai an shafa. Bayan rasuwarsa ni na koma ci a ciki. Nakan sa yatsuna a wannan lotsawar in zauna, tuwon ya huce ban sani ba.

Lokacin da aka kawo ni gidan, jerena har rufin ɗaki yake taɓawa. Akwai ƙore masu zane, da kwanuka masu fure, da fanteka, da tasoshin tagulla, da faya-fayan da uwata ta saƙa da hannunta tun ina yarinya. Mata daga wasu unguwanni sukan zo kallo. 'Yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, ita ce ta fara jin kunyar kayan nan. Da ta shiga makarantar kwana ƙawayenta suka fara zuwa, sai ta ce ɗakina kamar rumfar 'yan koli. Da manemi ya fito, ta sa aka kwashe komai aka zuba a ɗakin ajiya, wai kada dangin miji su ɗauka daga ƙauye muka sauka jiya. Aka kawo mini kabad mai gilashi, da farantan tangaran da har yau ba wanda ya ci ko ƙosai a kansu, da kofunan da gizo-gizo kaɗai ya taɓa shan shayi a ciki. Na ce to, wayewa ta shigo gidanmu, Allah ya sa alheri.

Kayana suka yi shekara ashirin a duhu, ba mai tambayarsu sai ɓera.

Bayan na fita takaba, cikin azumi, sai ga 'yata ta zo da wata mata mai gilashi a ido da waya a hannu. Ta ce sana'ar matar tsara ɗaki. Ashe yanzu sana'a ce a shiga gidan mutum a gaya masa inda zai ajiye kujerarsa, shi kuma ya yi godiya. Suka ce in ba su mabuɗin ɗakin ajiya. Na ɗauka shara za su yi, har na fara sa musu albarka.

Matar nan da ta ga ƙoren, sai ta dafe ƙirji kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Tana ɗagawa tana ɗaukar hoto, tana cewa irin waɗannan ba a samunsu yanzu ko an je ƙauye, kayan tarihi ne, a bangon falo ake rataye su. 'Yata kuma tana tsaye tana gyaɗa kai, tana ba ta labarin yadda ta tashi a cikinsu, tun tana ƙarama take ƙaunarsu. Na kalle ta na kau da kai. Na tuna ni ma sa'ar kayan ce, na yi addu'a a zuciyata kada a ce ni ma za a rataye ni.

Na ce su kwashe duka, har da turmin da ya fashe. Suna cikin fita da kaya sai matar ta leƙa ɗakina ta hango akushin a gefen gado, rufe da faifai. Nan ta tsaya. Na ce wannan na Malam ne, a ciki nake cin abinci. 'Yata ta durƙusa ta ce aro kawai, na kwanakin Sallah, ba wanda zai taɓa shi, ita da kanta za ta dawo da shi. Da ƙaramin ɗana ne, da na ce masa ya ɓace mini da gani. Amma 'yar fari ce, ga baƙuwa a tsaye, ba a san mu da ja-in-ja da ɗan fari a gaban mutane ba. Na ɗauke faifan na miƙa mata. Sauran kwanakin azumin a kwanon roba na sha ruwa.

Ranar Sallah surukina ya aiko da mota aka kai ni gidansu a Unguwar Dosa. Da na shiga falon sai na tsaya a bakin ƙofa, don na rasa ko gaisuwa zan yi ko ta'aziyya. Faya-fayan uwata an kafe su a bango da ƙusa, kowanne ta tsakiyar cibiya. Ƙwaryar da na shekara goma ina dama fura a ciki an huda ta kamar rariya, an sa mata ƙwan lantarki tana lilo a sama. Muciyata an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya kamar za a kai ta ɗakin miji. Turmin nan fasasshe yana kusurwa, cike da furen roba. An rataye wata da taurari na takarda mai sheƙi, ga fitilar aci-bal-bal ba mai ba lagwani, ita ma lantarki take ci.

Mai tsara ɗakin tana nan, ta ci kwalliya, tana zagayawa da baƙi tana bayani. Ta ce mini wannan shirin ƙaramar Sallah ne, in babbar ta zo za a sauke watan a sa ƙananan raguna na auduga, in damina ta sauka kuma a baza korayen ganye. Na ce mata mu ma muna sauya ado da damina a zamaninmu, kwanuka muke jerawa a tsakar ɗaki duk inda rufi yake yoyo. Ta ce kai, wannan dabara ce mai kyau, ta rubuta a wayarta.

A kan teburin tsakiya akwai wata ƙaramar tasar tagulla, an goge ta tana walƙiya, an cika ta da dabino. Na gane ta tun daga nesa. Ta mahaifiyar Malam ce, Allah ya jiƙanta. Da ta tsufa ba ta iya fita tsakar gida, a ciki take tofar da tuƙar goro da abin da ya biyo baya. Ni na shekara bakwai ina zubarwa kowace safiya. Wata hajiya mai zoben zinariya a kowane yatsa ta ɗauki dabino ta ce mutanen da sun san daraja, dubi irin tasar da suke karrama baƙo da ita. Aka miƙo mini na ce na ƙoshi. Har yau ban gaya wa 'yata ba, in ta karanta wannan ta ji.

Duk wannan dariya ce, da a nan aka tsaya da na koma gida na ba maƙwabta labari. Sai na ɗaga kai sama da talabijin.

Akushin yana can a bango, shi kaɗai, an haska shi da wata 'yar fitila. Yana ƙyalli kamar goshin sabuwar mota. Na ce wa surukina, wanda ban taɓa sa shi aiki ba tun da ya auri 'yata, ya sauko mini da shi. Ya hau kujera ya ciro. An huda bakinsa an zura igiya. Wayar tagullar Malam babu ita, an cike tsagar da wani abu an shafe. Na sa hannu ciki na shafa, na zagaya, na sake zagayawa. Sumul ko'ina.

Matar ta matso tana murmushi, ta ce kafinta ne ya yi aikin, gwani ne. Ta ce cikin akushin bai daidaita ba, gefe ɗaya ya lotsa, sai ya goge shi duka ya daidaita, ya cire tsohuwar wayar don tana ɓata shi a hoto, sannan ya shafa man ƙyallin da ake shafa wa kujeru.

Na ce, "Sannu da ƙoƙari. Mutum biyu suka yi shekara tamanin suna wannan lotsawar, ke kin gyara ta a yini ɗaya."

Ta ce, "Ba komai Mama, ai aikinmu ne."

Nan na zauna a kan kafet na rungume akushin na yi kukana, a gaban hajiyoyi da dabinonsu. Ban rage murya ba. Wata ta ce a kawo mini ruwa, wata ta ce ai tsufa ne. 'Yata ta kama ni ta kai ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

Na zaci haƙuri za ta ba ni. Ta tsaya jikin ƙofar ta rantse ba ta san kafinta zai taɓa cikin ba, gogewa kawai aka ce mata. Na ce ai ta cika alkawari, ba wanda ya taɓa shi sai kafinta da injinsa. Sai ita ma ta fashe da kuka, abin da ban gani ba ko ranar da aka fita da gawar ubanta.

Ta ce, "Inna, ƙannena sun raba rigunansa da kayan aikinsa. Ke kina da ɗakinsa. Ni da na fi kowa daɗewa da shi, ko hularsa ba wanda ya ce in ɗauka. So nake in tashi da safe in ga wani abu nasa."

Na ce, "Da kin tambaya."

Ta ce, "Yaushe kika taɓa bari na tambaye ki wani abu? Ko sunana ba kya kira."

Haka aka rene mu, ita ma ta sani, amma ban taɓa tunanin abin yana yi mata ciwo ba. Na naɗe akushin a mayafina na ce a mayar da ni gida.

Kwana uku ina fama da shi. Na jiƙa, na dirje da toka da soso, na kankare da bayan wuƙa har hannuna ya yi kanta. Na shanya, na shafe shi da man shanu. Ran na huɗu na tuƙa tuwon masara da miyar kuka na zuba. Lomar farko warin shagon kafinta ta yi. Na daure na kai hannu karo na biyu, yatsuna suka zame har ƙasa, ba inda za su tsaya. Na juye tuwon na ba kaji. Su ma sai da suka yi shawara kafin su ci.

Ya yi mako guda a gefen gadona. Ina kallonsa yana ƙyallin da ya rage masa. Na gane ba zan ƙara ci a ciki ba, kuma duk safiya in na buɗe ido, kafintan da ban taɓa gani ba nake tunawa kafin in tuna Malam. Ita kuwa 'yata, da ba ta taɓa sa hannu a ciki ba, in ta kalle shi ubanta take gani zaune a kan buzu yana cin tuwo.

Na aika ta zo ita kaɗai, ba mai gilashi. Ta zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Na tura mata akushin na ce ta ɗauka nata ne, amma da sharaɗi. Ba ƙusa, ba igiya, ba fitila, ba ragon auduga kusa da shi. Na ce ta ajiye shi a kan kantar falo, a kife. Ta ce in an kife ai ba za a ga cikin ba. Na ce cikin ai kun riga kun gama da shi. Akushin da aka bari a buɗe tuwo yake jira, mai shi kuma ba zai dawo ba.

Ta ɗauka da hannu biyu, ta kife shi a cinyarta tun a nan. Muka zauna har aka kira la'asar.

Na je gidan bayan wata biyu. Yana kan kantar falo a kife, yadda na ce. An ɗora masa wani ɗan farin ƙyalle mai huji-huji a bisa, kamar hular jariri. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga tana kallona. Na ce ƙyallen ya yi kyau, na nemi wuri na zauna.