Usur da Tsoka a Bakin Kejin Zakanya

Har yau a layinmu na Fagge akwai masu rantsuwa cewa ina da asirin zaki. Wai kakana ne ya zo da shi daga Barno, ya tsallake 'ya'yansa maza ya sauka a kaina. Kakana hula ya sayar har ya koma ga Allah, kuma ko kyanwa ba ya yarda ta raɓe shi. Abin da nake da shi usur ne na roba irin na alƙalin wasan ƙwallo, da kula cike da yankakken nama.

Bayan na gama karatun kiwon lafiyar dabbobi na daɗe a gida ina yi wa ragunan unguwa allura. Likitan da na koyi aiki a hannunsa ne ya haɗa ni da wani Alhaji mai wurin shaƙatawa a bayan Sabon Gari. Wurin yana da lilon yara, da jimina, da birai, da wata zakanya da ta fara tsufa. Ranar da na fara ganinta tana kwance a lungun keji, gefen hancinta duk tabo. Da ta miƙe na ga tana ɗingisa ƙafar gaba. Farce ne ya yi tsawo ya lanƙwashe yana shiga naman daginta, don a kan siminti take rayuwa.

Hanyar da aka sani ita ce a harba mata allurar barci a yi aiki. Amma likita ya ce karon da ya wuce da ƙyar ta farka, ba zai sake ba. Ni kuwa na karanta, na kuma kalla a waya, yadda ake koya wa manyan namun daji su miƙo ƙafa da kansu, da lada kawai, ba duka ba yunwa. Na ce a ba ni dama. Likita ya ce matuƙar ƙarfen keji na tsakanina da ita, in gwada.

Mai kula da ita wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. A ƙuruciyarsa ya bi masu wasa da kura gari gari, har lokacin da kambu a damtsensa. Ba mugu ba ne. Shi ke wanke kejin, shi ke kiranta da sunayen shagwaɓa. Amma in yana son ta matsa, rodi yake zurawa ta tsakanin ƙarafa, kuma rodin ne ya bar mata tabon nan.

Kullum da safe nakan biya kwata in karɓi namanta, in sa mahauci ya yayyanka mini wani kaso ƙanana ƙanana kamar na tsire. Mahauta suna tsokanata, suna cewa ga uwar zaki ta iso. Daga nan in hau adaidaita da kulata zuwa Sabon Gari. Darasin farko ba wani abu ba ne: in busa usur, in miƙa mata tsoka a kan dogon tsinken ƙarfe. Da fari ko kallona ba ta yi sai na ja da baya. Sannu a hankali ta gane cewa ƙarar nan na nufin nama na tafe. Sai na kawo sanda mai jan ƙwallo a kai. Duk sa'ad da ta taɓa ƙwallon da hanci, in busa, in ba ta. In ta ƙi, ko ta yi gurnani, ba na yin komai. Nakan sauke hannu in jira, ko in rufe kula in tafi wajen birai. Abincinta na ranar tana samunsa cikakke ko ta yi ko ba ta yi ba.

Baba yana zaune kan benci yana kallona. Wata rana ya ce, "'Yata, wahalar banza kike. Wannan dabbar tsoro kaɗai ta sani."

Na ce, "Baba, tsoron ne ya hana a duba mata ƙafa. Don Allah ka ajiye rodin nan."

Ya ce tun ba a haife ni ba yake wannan sana'ar. Washegari na tarar da ita ta koma lungu, hancinta da sabon jini. Na ɗauki rodin na shiga ofishin Alhaji na ɗora masa a kan tebur, na ce ya zaɓa, ko wannan ko ni. Alhaji ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin ma'aikaciya mai ƙarfin hali irina ba. Amma rodin bai koma bakin keji ba. Baba ya daina amsa gaisuwata na wani lokaci, ni kuwa ban fasa durƙusawa in gaishe shi kowace safiya ba.

Masu kallo ma nasu daban. Ranakun Asabar da Lahadi sai a rushe mini aikin mako, wannan ya jefa mata dutse, wancan ya yi mata ihu. Na ɗaure igiya na tsayar da su nesa. Akwai wani magidanci da babbar rigarsa da ya tsallake igiyar yana tsokanarta da karan rake don 'ya'yansa su ji ruri. Na fizge raken na jefa a shara. Ya ce ko na san da wa nake magana. Na ce ban sani ba, amma ya koma bayan igiya. Ya koma, yana zagina har bakin ƙofa.

Da tafiya ta yi tafiya, zakanyar ta koyi bin ƙwallon har ta kwanta a jikin ƙarafa. Daga nan ta koyi zuro dagi ta wata 'yar kafa da na sa mai walda ya buɗe a ƙasa. Na fara taɓa dagin da sanda, sannan da bayan almakashi, kullum usur da tsoka na biye. A nan ne wani ya ɗauke ni a waya ban sani ba. Kafin mako ya zagayo, hoton ya karaɗe Kantin Kwari, inda yayana ke da shagon atamfa.

Ya shigo gida bayan la'asar, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Kin san me ake faɗa a kasuwa? Ana cewa ƙanwata tsafi take yi."

Na ce, "Yaya, kai ka san ba na yi."

"Sanina bai hana su faɗa ba. Ki bar aikin nan."

Na ce ba zan bari ba. Na ce in masu maganar suna son gani, su zo gobe in ba su usur ɗin su duba ko akwai laya a ciki. Ya juya ga Inna, mahaifiyarmu, ya ce ta yi mini magana. Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni ko ina shiga kejin. Na ce a'a, kuma ba zan taɓa shiga ba. Ta ce to a ƙyale ni, sai dai in riƙa wanke kular nan a waje, ƙarninta ya ishe ta.

Ranar yanke farcen ba kowa sai ni da likita da Baba. Zakanyar ta kwanta, ta zuro dagi. Ina ba ta hanta, wadda ta fi so, likita ya sa babban almakashi ya datse. Ta zabura ta janye, ta yi gurnanin da na ji har cikin haƙarƙarina. Na sauke hannu na jira. Ta lashi wurin, ta dube mu, ta dawo ta sake zurowa da kanta, likita ya wanke ciwon ya sa magani. Baba ya tashi daga benci ya matso ya leƙa. Da yamma shi ya ɗaukar mini kula zuwa bakin titi.

Alhaji da ya ji labari sai ya hango kasuwa. Sallah na matsowa, na zo na tarar da ƙaton allo a ƙofa, da hotona, an rubuta cewa a zo a ga mace mai asirin zaki za ta shiga keji. Na wuce ofis.

Ya ce, "Malama, ai tana jin maganarki. Shiga kawai za ki yi ki shafa kanta ki fito. In kina so a hana ta abinci kafin ranar, ta fi yi miki biyayya."

Na ce, "Alhaji, ba maganata take ji ba. Ciniki muke yi da ita, kuma ƙarfen nan yana cikin sharaɗin. Ba zan shiga ba, ba kuma za a hana ta abinci ba. A sauke allon."

Ya ce allo ya riga ya hau, in yi tunani. Ranar Sallah wuri ya cika maƙil. Mai gabatarwa ya yi ta kirari yana kirana jikar masu daji, ya miƙo mini lasifika in yi wa jama'a sallama. Na karɓa. Na ce musu ba ni da asiri, ba ni da laya, kuma duk wanda ya shiga kejin nan gawarsa za a fitar, har da ni. Na ɗaga usur da tsoka na bayyana yadda ake yi. Na nuna ƙwallo ta taɓa, ta kwanta, ta miƙo dagi, na ba ta ladanta. Wasu yara suka tafa. Manya da yawa suka yi tsaki, wasu na cewa an yaudare su. Kafin magariba Alhaji ya aiko a ce mini kada in dawo.

Na samu aiki a wani shagon magungunan dabbobi a cikin Sabon Gari, ina fama da karnuka da kaji. Baba yakan biyo jefi jefi ya ba ni labarinta. Ya ce ya sayi nasa usur ɗin, sai dai yana busawa a makare, tana kallonsa kamar bai da hankali. Na nuna masa a kan karen mai shagon.

Bayan damina Alhaji ya sayar da filin za a gina shaguna. An samu wani gidan namun daji a wata jiha da zai karɓi zakanyar, amma sai an sa ta a akwatin ƙarfe, likita kuma ya tsaya kan bakansa game da allurar barci. Direban Alhaji aka turo mini. Na ce ya koma ya ce sai mai wurin ya kira da kansa. Ya kira. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Na gindaya masa cewa ba 'yan kallo, ba mai ɗaukar hoto, kuma ba mai sa mini rana. Ya ce masu gini suna jira. Na ce su jira.

Aka jingina akwatin da ƙofar keji a buɗe. Ni da Baba muka yi ta yi, yau ta sa kai, gobe ta sa ƙafafun gaba ta fasa. Masu gini suka rushe lilo, suka rushe ofis, suna zuwa suna tsayawa a kaina da awonsu. Wata safiya ta shige gaba ɗaya ta kwanta tana cin hanta, Baba ya sauke ƙofa a hankali. Ta waiga sau ɗaya, ta ci gaba da ci.

Na bi motar har can, a gaba kusa da direba, ina sa shi tsayawa ina watsa wa akwatin ruwa. Sabon wurin nata yana da ƙasa da ciyawa da bishiyar maina. Ta daɗe a bakin akwatin tana shinshina kafin ta taka. Na kwana biyu ina nuna wa ma'aikatan wurin yadda za su ci gaba, sannan na hau motar haya na dawo Kano, na sauka a shago, inda wata mata ke jirana da akuyarta mai zawo.