Takardar yabon da na rubuta ma direbanmu

Har yau a Filinge ana cewa direban mahaifina ne ya ci amanarmu, lauya kuma ya hid da mu da wayo. Duka biyun ba haka ba ne. Ni na jawo abin, da birona.

Shekarun baya, ina gama birebe, jarrabawar ƙarshen kwaleji, sai na zama mai rubuta ma Baba takardun Faransanci. Yana da babbar mota mai kai hatsi kasuwar Baleyara. Sau uku ana kama direban ya ɗora mutane saman buhuna. Baba bai taɓa ce mashi komi ba, don ɗan amininshi ne. A na ukun sai ya aika ma kawun direban: a gaya ma yaro ya huta da aikin.

Da direban ya zo neman takardar shaidar aiki, Baba ya ce, "Ɗiyata, kar ki ɓata mai suna, yana da iyali." Ni kuwa na samu wurin nuna boko. Na rubuta cewa shekara bakwai bai taɓa laifi ba. Har da "exemplaire", wato abin koyi, na sa, ina jin daɗin kaina.

Bayan wata guda sammaci ya zo daga ofishin sufeton aiki: direban ya kai ƙara an kore shi ba laifi, ga shaida da sa hannun Baba. Kowa ya ce za a tsare motar, kuma da ita muke ci.

Wani abokin Baba ya haɗa mu da lauya a Yamai, wanda aikinshi kare masu ɗaukar ma'aikata ne, ana ce mashi Metir kamar kowane lauya. Ya karanta takardar sau biyu.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Metir."

"Madalla. Kin yi ma lauyan wancan ɓangaren rabin aikinshi. Alhaji, ina takardar gargaɗi?"

Baba ya ce, "Gargaɗi a takarda? Ɗan aminina?"

"To ina takardar sallama?"

"Kawunshi na aika."

Metir ya cire tabarau. "Kawu ba ya shiga dosiyen shari'a, Alhaji."

Na yi karaf na ce, "Sai in rubuta gargaɗin yanzu, in sa kwanan watan bara. Wa zai sani?"

Ya dube ni. "Ni zan sani. Mahaifinki nake karewa, ba ƙarya ba. In kin yi haka, ke za a rufe, ba motar ba."

Ranar sulhu muka zauna gaban sufeton a Yamai. Metir bai musa takardata ba. Ya ce ma direban kawai, "Ga Alhaji, dube shi ka ce ba ka ɗauki mutane ba." Direban ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ba mota yake so a tsare ba, abin da ya ƙona mai rai shi ne ba a kira shi an faɗa mai a ido ba, sai a bakin kawu ya ji. Baba ya dube shi ya ce, "Na yi kuskure."

An mai da shi aiki, da gargaɗi a rubuce. Ni na rubuta shi, Metir ya goge mani kalma huɗu.

Har yanzu in Baba ya ce "rubuta mai abu mai daɗi" sai in tuna wannan takardar. Ranar nan, a hanyar komawa gida, tun ba mu wuce Baleyara ba, na ce mashi ya nemi wani mai rubutu. Makaranta zan koma, in shiga lise, in ci jarrabawar bak ta shiga jami'a, in karanta shari'ar aiki.