Jan Biro da Takardar Cikin Laya

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin da kowa ya sani da Jan Biro a shekarar 1944, a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa ta garin da ya yi dukan rayuwarsa. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa ungozoma. Ya shiga makaranta a 1951, ya fita a 1963 da shaidar kyakkyawan rubutu da ta taurin kai, kuma duka biyun ba su rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Aiki da Aure

Shekara talatin da uku ya yi yana duba kurakurai a wata maɗaba'a, cikin ɗan ɗaki mai taga ɗaya da warin tawada. Can laƙabinsa ya samo asali, domin ko katin ɗaurin aurensa na 1969 sai da ya mayar aka gyara. Ya ajiye aiki a 1996.

Laya

Gidansu na da tsohuwar laya ta kakar mahaifinsa, wadda ake rataya wa kowane jariri don tsari. A 1998 fatarta ta ruɓe, ta ɓarke a hannunsa, ya kai wa wani malami rubutun. Ashe ba addu'a ba ce, takardar 'yanci ce: an 'yanta kakar, wadda baiwa ce, tare da goyonta, amma 'yarta mai shekara bakwai ta ci gaba da zama a hannun ubangidan. Goyon nan shi ne kakan Jan Biro, wanda dangi suka ɗauka shi kaɗai ta haifa.

Yayansa ya ce, "Mayar ka ɗinke. So kake 'ya'yanmu su rasa masu aurensu?"

Ya ce, "Yaya, mutum fa aka bari a baya."

Daga ranar yayan ya daina taka ƙofarsa.

Bincike

Shekara goma sha takwas ya yi yana neman yarinyar, a takardun kotu da gara ta ci rabinsu, da bakin tsofaffin da ke mutuwa kafin ya koma musu. Ya bi sawunta gida uku, domin duk mutuwar da aka yi, tare da dabbobi ake raba ta cikin gado. Da idanunsa suka yi rauni, matarsa ce ta riƙa karanta masa. Babban tsoronsa shi ne ya mutu bai san ko ta rayu ba.

A 2016, a wani gida bayan mahauta, tafiyar kwana biyu daga garinsu, ya sami wata tsohuwa zaune a tabarma. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Kakata ce. Uwarta ta tafi da goyo, ta ce za ta aiko a ɗauke ta. Har kakata ta mutu ba ta yarda a sa wa ƙofa sakata ba." Ta ƙare masa kallo ta ce, "Kun daɗe."

Dattijo mai shekara saba'in da biyu ya durƙusa gabanta yana kuka. Allah mai iko!

Rasuwa

Ya kammala littafin zuriyar a 2018, ya rasu ranar Alhamis da hantsi cikin 2019, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ranar kwana uku jikokin tsohuwar suka iso mota biyu, suka tsaya a waje cikin baƙi. Yayan marigayin ya dogara sandarsa ya fito, ya ce, "Me kuke yi a nan? Ku shigo, ku ma gaisuwa za a yi muku."

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Likita, Tela, 'Yan Biyu da Auta, da jikoki goma sha tara. Ita kuwa mai layar, a shafin ƙarshe na littafinsa ya rubuta cewa ta rasu ta bar 'ya'ya biyu.