Saƙon da Ya Riga Gwaggo Isa Tawa

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a shekarar da na yi ina koyarwa a Illela, akwai yini ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Wani lokaci haushin mutumin da ya aikata abin nake ji, wani lokaci kuma, in zan faɗi gaskiya, haushin kaina ya fi yawa.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Muna da wani gurup a waya na masu son waƙa, yawancinmu ƴan Ƙonni da Malbaza da Illela, sai kuma ƴan uwanmu da suka tafi bida Abijan ko Legas. Mu biyu ne ke riƙe da makullinsa: ni, da wanda ya kafa shi, wani mai gyaran waya a kasuwar Ƙonni da kowa ke kira Shugaba. Ba zan ce mugun mutum ba ne, don na ga alherinsa da idona. Amma yana da wata cuta, shi dai a ce daga bakinsa aka fara jin labari. Ni kuma tawa cutar ita ce tsoron kada a ce na yi ba daidai ba. Akwai ranar da na rufe gurup ɗin saboda zage-zage, Shugaba ya yi fushi ya ce na raina shi. Don kada a sake, ni da hannuna na rubuta doka cewa ba wanda zai rufe sai ya shawarci ɗan uwansa. Har lamba na sa mata, doka ta huɗu. Ina jin har alfahari na yi da ita.

Ƙarshen shekara ne lokacin da gurup ya fi zafi. An ba da hutun lakwal, wato makaranta, kowa na turo hoton inda ya je. Wannan yana bakin kogi a Yamai yana cin kifi, wancan soja ne yana ƙorafin shi bai san wani abu wai shi hutu ba. Ga gardamar wane albam ne ya fi a bana, wadda ba ta taɓa ƙarewa sai an ɓata. Ni kuma aikina shi ne haɗa sunayen mawaƙa da makaɗan da suka rasu a shekarar, in fitar a ranar ƙarshe a yi musu addu'a. Ba na sa sunan kowa sai na ji daga baki biyu.

A shekarar akwai abin da ya haɗa kanmu. Wani tsohon makaɗin gurmi ne a Tajaye, muna ce masa Baba, wanda ya ƙare rayuwarsa yana yi wa manoma da ƴan kokowa waƙa, ba a taɓa naɗar muryarsa da kyau ba. Mu ne muka lallashe shi ya zo situdiyo a Ƙonni, kuma a cikin hutun nan albam ɗin zai fito. Ɗiyarsa tana cikin gurup ɗin. Tana aure a birnin Tawa, ba ta cika magana ba, sai dai in wani ya rubuta baitin babanta ba daidai ba, nan take za ta gyara masa.

Ran nan da hantsi ina duba takardun ɗalibai sai ƙanen Baba ya kira ni. Mushe suke ce mini, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal a wajenmu.

"Mushe, Allah ya yi ma Baba cikawa ɗazu."

Na yi salati, na fara ta'aziyya, sai ya tare ni. "Tsaya ka saurare ni da kyau. Ɗiyatai da ke Tawa tana cikin abin ga naku na waya. Cikinta ya tsufa, kuma na farko hawan jini ya ɓarar mata da shi. Mijinta na daji wurin aiki, ita ɗai ta cikin gida. Mun sa gwaggonta mota, ita za ta zauna kusa da ita ta hwaɗa mata sannu-sannu. Don Allah ka riƙe muna bakin mutanenka har la'asar."

Na ce, "In Allah ya yarda, Kawu."

Haka muka tashi muka ga ana yi. Ba a jefa wa na nesa labarin mutuwa, balle mace mai ciki. Babba ake tashi ya je, ya sha ruwa, ya ce jiki ya yi tsanani, ya bari zuciya ta shirya, sannan ya faɗa yana riƙe da hannunta. Gari guda ya kama bakinsa saboda yarinyar nan. Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, ita ce wadda aka ba ni tsaro.

Abin da ya kamata in yi bai fi taɓa waya sau ɗaya ba: in rufe gurup, ba mai iya turo komai. Na buɗe wurin, yatsana na kai. Sai na fara tunanin da na saba. In na rufe ana tsakar gardamar albam, ai za a tambayi dalili. In na cire ta ita kaɗai, wataƙila ta lura ta tsargu. Ga kuma doka ta huɗu, wadda ni na rubuta. In na karya ta, da wane ido zan kalli Shugaba? Na ajiye wayar, na sake ɗauka. Daga ƙarshe na yi abin da nake ganin shi ne ladabi, na kira shi.

"Shugaba, akwai wata magana, amma ban sani ba ko ya dace in..."

"Haba Mushe, hwaɗi mana! Kai kullum sai ka zagaya Ƙonni sau ukku kahin ka shigo gida."

Na faɗa masa komai, har maganar cikin da gwaggon da ke hanya. Ya yi salati, na ji muryarsa ta karye, kuma har yau ina ganin kukan nasa na gaske ne. Sai ya ce, "Kada ka ruhe. In ka ruhe yanzu kowa zai hwara tambaya, a nan maganar za ta hito. Bar ni da su, ni na san mutanena."

Maganar ta yi kama da hankali. Ko kuma, in na duba da kyau, ta yi mini daɗi ne don ta sauke mini nauyi. Na ce to.

Na zauna na tsura wa wayar ido. Hira na ta gudana, wani na cewa albam ɗin wane duk ganga ce babu magana, wani na rantsuwa zai fita gurup in aka sake taɓa gwaninsa. Na yi sallar azahar na dawo, ko tabarma ban naɗe ba sai ga shi ya faɗo. Hoton Baba ne riƙe da gurminsa, an zagaye shi da baƙi, an rubuta sunan gurup ɗinmu a gefe, a ƙasa kuma: "Labari da ɗumi-ɗuminsa, mu ne muka fara kawo muku." Wato duk lokacin da nake zaune ina gadi, shi yana shagonsa yana gyara hoto, yana zaɓen launin rubutu.

Nan take na shiga goge shi. Amma kafin in gama, mutane sun fara zubo salati da ƴan fuskokin nan masu hawaye. A tsakiyarsu sai ga saƙonta, kalma huɗu:

"Wane Baba kuke nufi?"

Wani bawan Allah daga Abijan, wanda bai san ko wace ce ba, ya amsa mata: "Mai gurmi na Tajaye, Allah ya jiƙan shi."

A lokacin na rufe gurup. Ko ƙiftawar ido bai ɗauke ni ba, kuma ban nemi izinin kowa ba.

Na kira ta, wayar na shiga ba a ɗauka. Na kira Kawu, ya ce motar gwaggo tana Badagishiri tana jiran cikon fasinja. Daga baya muka ji cewa maƙwabciya ce ta ji ƙarar faɗuwa, ta leƙa ta tarar da ita kwance a tsakar gida, wayar na gefe. Kafin gwaggo ta sauka tasha an riga an kai ta likita, wato asibiti. A yammacin nan aka yi mata aiki aka ciro ɗiya mace da watanninta ba su cika ba, kuma aka ce uwa da ɗiya sai dai addu'a.

Washegari da safe na hau mota zuwa Ƙonni. Ni mutum ne da ko ɗalibi ba na iya yi wa tsawa sai na ba shi haƙuri daga baya, amma ran nan ban san kaina ba. Na tarar da Shugaba a shago yana nuna wa wasu yadda hoton ya bazu.

"Shugaba, mi na ce maka jiya?"

"A'a, Mushe! Zauna a zuba maka shayi."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Mi na ce maka?"

Ya ajiye wayar. "Wani gurup na Malbaza sun hwara jin ƙishin-ƙishin. In sunka riga mu hwa? Mu da munka kai shi situdiyo, mu ji mutuwatai ga bakin wasu?"

"Ɗiyarsa na kwance likita! An yi mata aiki, ba a san ko za ta tashi ba, kai kana nan kana ƙirga wa ya tura hoto!"

"Ciwo da ajali na Allah na, Mushe."

Nan na fashe. Na ce masa Allah bai ce ya rubuta sunan gurup a jikin hoton mamaci ba. Na ce mutuwar dattijo ya mayar talla, mutumin da ya ci tuwo a gidansa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, har masu shagunan kusa suka taru suna ba ni haƙuri. Shi kuwa ya bari na gama, sannan ya dube ni ya ce:

"To kai da kake ta ihu, wa ya hwaɗa min? Ni ban san komi ba sai da ka kira ni. Makulli na hannunka, kuma kai anka roƙa, ba ni ba."

Ban yafe masa abin da ya yi ba, ko in ce ina ƙoƙari, amma maganar nan tasa gaskiya ce, kuma ita ce ta fi ƙona ni.

Daga nan na wuce Tajaye gaisuwa. Na so Kawu ya zage ni. Sai ya kama hannuna ya ce, "Mushe, mun gode da ƙoƙari." Sunayen mamatan shekarar kuwa ban fitar ba, na goge su, na sauka daga riƙon gurup ɗin.

Cikin ikon Allah ɗiyar Baba ta tashi, jaririyar ma ta rayu bayan makonni a likita. Watanni bayan haka na same ta a gidansu ta zo ganin dangi, na zauna nesa kaɗan na fara bayani: yadda na yi tunani, yadda na ji tsoron a tsargu, har da doka ta huɗu. Ta saurare ni tana jijjiga jaririyar har na ƙare. Sai ta ce, "Mushe, ni ban riƙe ka ba. Amma na ga babana tsakanin hoton wani yana cin kifi da gardamar albam. Duk sanda na tuna shi, wannan nake fara gani."

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba kowane taka-tsantsan ne hankali ba, wani tsoro ne kawai ya sa rigar ladabi. Na fi damuwa da kada Shugaba ya ce na raina shi a kan mace mai ciki da ke zaune ita kaɗai da waya a hannu. Har yanzu ina da yawan shakka, ban ce na warke ba. Amma in aka ba ni amanar ƙofa, kuma na san akwai wanda zai cutu in ta zauna a buɗe, rufewa nake fara yi. Mai fushi ya yi fushinsa, zan ba shi haƙuri bayan la'asar.