Dodon da Ba Ya Shiga Sheshe

Wasan a cikin dilar kayan gwanjo abokinmu ɗan kasuwa ya tsince shi: kwali mai taswirar wani birni, da ƙananan mutane na roba, da ƙaton dodo mai kan ƙadangare. Ƙa'idarsa ba wuya. Mutum ɗaya ya riƙe Dodo yana rushe unguwanni, sauran su haɗa kai su ƙera igwa kafin ya cinye su. Sunayen unguwannin sun ƙi zama a bakinmu, sai muka bi su da biro: nan Goron Dutse, nan Ƙofar Ruwa, nan Sheshe.

Kullum bayan la'asar a zaurenmu muke bajewa, kuma kullum abokinmu mai wankin hula ne Dodo. Babarbare ne, ni kuwa Bafulatani, saboda haka ni na naɗa shi, na ce ai da ma gadonsu ne. Ya karɓa da murna. Yana rushe Ƙofar Ruwa har da gurnani, unguwarmu Goron Dutse kuwa sai ya taka ta ya dawo ya sake takawa.

Amma bai taɓa cin wasa ba, don mun gano lagonsa. Yarinyar da yake so a Sheshe take, kuma ko da wasa ba ya yarda ƙafar Dodo ta sauka can. In ya zo bakin unguwar sai ya yi kwana, kansa a sunkuye. Mu kuwa marasa tausayi sai mu kwashe mutanenmu kaf mu zuba a Sheshe, mu ƙera igwa a natse, mu harbe shi.

"Wannan ai zalunci ne," in ji shi. "Wa ya taɓa shiga gidan surukai da rusau?"

Ranar da manyansa suka je neman aurenta, mun san akwai wani mai shagon atamfa da shi ma ya aika nasa. Bayan la'asar ya shigo fuska ba yabo ba fallasa, ya zauna ya jawo Dodo. Ni da bakina ba ya mutuwa, ran nan na kasa tambaya. Wallahi tsoro nake ji, don na san yadda yake sonta.

Muka zuba mutanenmu a Sheshe yadda muka saba. Sai ga Dodo ya bar Goron Dutse a tsaye, ya miƙo. Ya iso inda yake yin kwana, bai yi ba. Ɗan kasuwa ya taɓa ni da gwiwa, ya raɗa mini, "Shi ke nan, an hana shi."

Dodo ya tsaya a bakin unguwar. Mai wankin hula ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum." Ya sa yatsu biyu ya ɗauki mutum-mutumi guda a hankali, ya hure masa ƙura, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Wannan an ba ni," ya ce.

Muka kaure da ihu har akuyar gidanmu ta tsinke igiya. Na rungume shi, ina jin hawaye na neman kunyata ni. Da muka lafa na nuna masa sauran mutanen, na ce, "To, Malam Dodo, sai a ja da baya. Ga surukai nan."

Ya leƙa su ɗaya bayan ɗaya. "Surukaina na san fuskokinsu," ya ce. "Waɗannan 'yan cin arziki ne."

Ya cinye mu tas, da ni ya fara.